Babi na Shida: Baho a Gindin Gado

Karo na farko da na kwana ɗaki ɗaya da bahon wanka, a wani ƙaramin otal ne a karkarar kudancin Ingila, tsohon gida na masu hali da aka mayar masauki. Ma'aikaciyar ta buɗe ƙofa, ta kunna fitila, sai ga shi tsaye a gindin gado: farin baho mai kaurin leɓe, a kan ƙafafu huɗu na ƙarfe masu siffar dagin zaki, famfonsa ya fito daga daɓe kamar tsiro. Babu bango, babu labule. Tsakaninsa da zanin gado bai fi taku uku ba.

Sanyi ake yi irin mai shiga ƙashi. Na tara ruwa, ya ɗauki wajen minti ashirin kafin ya kai rabi, na shiga na miƙe ƙafa ina kallon duhu yana sauka a kan filin tumaki ta taga. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa ƙwarai, na kuma yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da asuba na tashi na tarar gilashin taga ya yi gumi, ruwa na gangarowa kan katako. Takardun littafin da na ajiye a gefen gado sun yi laushi, dardumar gaban bahon a jiƙe, kuma kumfar sabulu ta bar zobe a jikin tangaran. Na sauka karin kumallo, na dawo bayan awa guda: an buɗe taga, an goge bahon yana ƙyalli, an canza darduma da tawul. Ban ga wanda ya yi aikin ba. Wannan hannun da ban gani ba shi ne rabin labarin bahon ɗakin barci, kuma shi ne rabin da ba ya fitowa a hoto.

Masu tallata yayin sa baho a ɗakin barci suna nuna shi a matsayin sabon abu, alhali a ɗakin barci bahon Turawa ya fara zama. Kafin a ja bututu cikin gidaje, wanka ba shi da ɗakin kansa. Mai hali a Landan ko Paris, idan zai yi wanka, barori ne ke jawo baho na gwangwani ko na jan ƙarfe zuwa gaban murhun ɗakinsa, su yi ta hawa bene da tulunan ruwan zafi, in ya gama su kwashe ruwan bokiti-bokiti su sauka da shi. A Paris ta ƙarni na 19 har sana'a ce: ana ɗora baho da gangar ruwan zafi a amalanke, a kawo maka gida, a haura da su har ɗakinka, a jira ka gama. Da yawa daga masu ɗiban ruwan birnin 'yan ci-rani ne daga yankin Auvergne, 'yan garuwan zamaninsu ke nan. Wanka a lokacin bai ma zama abin ɓoyo sosai ba. Jean-Paul Marat, ɗan juyin juya halin Faransa, ciwon fata ya sa yake wuni a cikin baho, ya gitta allo a kai yana rubutu yana karɓar baƙi, kuma a cikinsa Charlotte Corday ta same shi ta kashe shi ranar 13 ga Yuli, 1793.

Talaka kuwa nasa bahon a rataye yake a bango. Sau ɗaya a mako a sauke shi a gaban wutar kicin, iyali su shiga ɗaya bayan ɗaya a ruwa guda. Wannan bai yi nisa da mu ba kamar yadda ake zato, domin ƙidayar 1951 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Birtaniya ba su da kafaffen baho.

Bututu ne ya fitar da baho daga ɗakin barci. Da zarar ruwa ya fara zuwa da kansa, dole baho ya tsaya inda bututu ya tsaya, kuma ya fi arha a tara duk bututan gida a lungu ɗaya. Sai kuma tsoro. Kwalara ta yi wa Landan ɓarna sau da dama a ƙarni na 19. A 1854 likita John Snow ya bi diddigin annobar unguwar Soho har zuwa famfo guda a titin Broad Street, sannan a bazarar 1858 kogin Thames ya yi ɗoyin da ya hana majalisar dokoki sukuni, har aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin birnin. Mutanen wancan zamani sun fito daga wannan da darasi guda: duk abin da ke haɗe da kwata a ware shi, a yi masa bangon da za a iya wankewa, a sa masa ƙofa. Masana'antu suka bi. A 1883 John Michael Kohler, a garin Sheboygan na jihar Wisconsin a Amurka, ya ɗauki kwamin zubin ƙarfe irin na shayar da dawaki, ya shafe shi da ruwan tangaran, ya sa masa ƙafafu huɗu, ya sayar a matsayin bahon wanka. Daga baya aka fara ƙin ƙafafun su ma, saboda ƙura da laima na taruwa a ƙarƙashi inda tsintsiya ba ta kaiwa. Aka koma baho mai manne da bango ta gefe uku, a ɗan ƙaramin ɗaki mai farin tayil. Shi ne banɗakin da duniya ta gada, shi muke gani yau har a gidajen ma'aikata na Kaduna.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan: bangon da ke tsakanin gado da baho mutane ne suka gina shi don su huta da wata wahala. Ya tare laima, ya tare wari, ya ba mai wanka sutura, ya kuma sauke tulu daga kan baranya.

Cikin manyan masu zanen gini da suka taɓa bangon da gangan akwai Le Corbusier. A gidan Villa Savoye da ya zana tare da ɗan'uwansa Pierre Jeanneret a Poissy, wajen Paris, aka gama a 1931, wurin wankan masu gida a buɗe yake zuwa ɗakin barci. Bahon ginanne ne da ƙananan shuɗayen tayil, a gefensa an gina wani dandamali mai lanƙwasa daidai kwanciyar jikin mutum, sai labule kawai tsakaninsa da gado. A ganinsa wurin wanka ya cancanci zama cikin manyan ɗakunan gida, mai rana da iska, kuma a nan ina bayansa ɗari bisa ɗari. Sai dai gidan ya yi ta yoyo, uwargidan ta sha rubuta masa wasiƙun koke, har da na ruwan sama da ke zubowa wurin wankan ta tagar rufi. A 1940 iyalin suka bar gidan.

Yayin da muke ciki yanzu daga otal-otal ya taso. A 1994 Philippe Starck ya zana wa kamfanonin Jamus kayan banɗaki da suka dawo da baho mai tsayuwa shi kaɗai a tsakar ɗaki, kamar kujera ko tebur. A shekarar ne aka buɗe Hotel du Vin na farko a Winchester, a 1998 kuma Nick Jones, mai kulob ɗin Soho House, ya buɗe Babington House a Somerset. Irin waɗannan masaukai ne suka sabar wa Turawa ganin baho a gefen gado. Dalilinsu a fili yake. Tsoffin gidaje ne masu manyan ɗakuna da ƙananan lunguna, inda babban baho ba zai shiga banɗaki ba, amma ga fili a gaban taga. Baƙo dare biyu zai yi, yawanci shi da matarsa, ba yara, ba baƙi. Ga ma'aikata da ke shiga kowace safiya. Da Instagram da Pinterest suka zo, sai ya zama hoto guda ya isa ya sayar da ɗaki: gado, baho, taga, duk a ido ɗaya. Daga nan hoton ya bar otal ya shiga wayar kowa.

Haka ya iso wayar ƙanwata, tana tsakiyar ginin bene. Ta turo mini shi da dare, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, irin wannan nake so a ɗakina." Na fahimce ta sarai. Mace ce mai yara uku da aikin ofis, wadda rabonta da minti talatin nata na kanta har ta manta. Abin da ta gani a hoton hutu ne, kuma tana da haƙƙinsa.

Ranar Asabar muka je wurin ginin da mai aikin famfonta, dattijo ne da ya haura shekara talatin a sana'ar. Ya karɓi wayar, ya nisantar da ita daga idonsa, ya duba ya sake dubawa.

"Hajiya, ajiye shi ba wuya," in ji shi. "Ruwan nan ta ina zai zo, ta ina kuma zai fita?"

Ya buga daɓen da diddige. An riga an zuba dakin. Bahon tsakar ɗaki bututansa ta ƙarƙashi suke bi, don haka ko dai a fasa simintin da aka zuba a ratsa rodi, ko a gina dandamali a ɗaga bahon sama don bututun fita ya sami gangare har bango. Ruwan datti ba ya tafiya a miƙe, sai da gangare, in babu kuwa gashi da sabulu su taru su toshe shi. Sannan ya tsuguna ya zana wata lanƙwasa a ƙura da ɗan yatsa. A ƙarƙashin kowane baho da kowane masai akwai irin wannan gwiwa, wadda kullum take riƙe da ɗan ruwa, kuma wannan ɗan ruwan shi kaɗai ne ƙofar da ke tsakanin ɗaki da iskar sokawe. Dabarar tsohuwa ce, wani maƙerin agogo ɗan Sukotlan, Alexander Cumming, ya yi rajistarta tun 1775. Amma tana da sharaɗi: sai ana amfani da wurin.

"In kika yi tafiya, ko kika yi wata ba ki shiga ba, musamman da hunturu, ruwan gwiwar zai ƙafe," ya ce. "A banɗaki ne, ki rufe ƙofa. A nan kuwa kan gadonki warin zai sauka, kyankyasai su biyo baya."

Sauran lissafin ni na yi mata shi a bayan takardar siminti. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Babban baho irin na hoton yana cin lita 200 ko fiye, shi kansa in na zubin ƙarfe ne zai kai kilo 150, ga mai wanka. An haura kilo 400, nauyin buhun siminti takwas, a kan ƙafafu huɗu da kowace ba ta kai tafin hannu ba. Dakin siminti da aka yi da kyau zai ɗauka, amma a tsoffin gidajen Turai masu daɓen katako sai an kira injiniya an ƙara gungume a ƙasa. Na roba mai ƙarfi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ruwan nauyinsa bai canzawa.

Ruwan ne ya fi sa ta yin shiru. Lita 200 jarka takwas ce ta masu lita 25, fiye da rabin kurar ɗan garuwa, a wanka guda na mutum guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa lita 50 zuwa 100 ke biyan buƙatun mutum na yini ɗaya, da sha da girki da wanka da wanki. Ko mai rijiyar burtsatse a gida sai ya kunna inji ya tura ruwan tanki, ruwan kuma daga ƙarƙashin ƙasar da maƙwabta ke sha yake fitowa. Ga dafawa: ɗaga zafin lita 200 daga maki 25 zuwa 40 yana cin wutar da hita mai ƙarfin wat 1,500 za ta yi fiye da awa biyu tana ja, alhali hitar bangon da aka saba sawa a gidajenmu lita 30 ko 50 kawai take ɗauka. Shi ya sa a gidaje da yawa da aka gina da baho tun shekarun 1970 za ka tarar da bokiti a cikinsa, mai gida na tsayawa a ciki ya watsa ruwa da moɗa. Bahon ya koma wurin tsayuwa mai santsi, wanda tsofaffi ke shan wahalar tsallaka leɓensa.

Maganar wutar lantarki ba ta wasa ba ce, kuma a nan ba na sassautawa. Dokar wayoyin wuta ta Birtaniya ta hana sa soket na yau da kullum kusa da baho sai da tazarar aƙalla mita biyu da rabi, ko da bahon a ɗakin barci yake. Yanzu duba ɗakin barcin kowa: cajar waya a kan gado, fitilar gefe, fanka, dutsen guga, abin busar da gashi, doguwar waya mai baki huɗu a kwance a ƙasa. Faransa ta rasa shahararren mawaƙinta Claude François a 1978 saboda ya taɓa fitilar bango yana jiƙe a wurin wankansa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma gidan da ke da mai rarrafe akwai wata rijiyar: ɗan ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya halaka jariri, ga shi babu ƙofar da za a kulle.

Laima kuwa a hankali take cin nata. Suracin da tayil ke turewa, katifa da labule da kafet shanye shi suke yi. Da hunturu iska za ta busar da komai kafin azahar, amma a watan Agusta, lokacin da takalmin fata ke yin fumfuna a cikin sif ko babu baho, ƙara tururin lita 200 a ɗakin da aka jera atamfofi da lesuka asara ce da ba za a gani ba sai ranar da aka buɗe akwati za a je biki.

Akwai kuma abin da harshenmu ya riga ya faɗa. Banɗaki, bayan ɗaki ke nan. Bayan gida, bayi, makewayi: duk sunayen suna nuna wurin da ake kewayawa a je, ba wurin da ake zama a gabansa ba. Kuma ɗakin matar aure a wurinmu ya wuce wurin kwana. Nan take salla, nan yara ke shigowa ba sallama, nan aminai da 'yan'uwa mata ke zama in sun zo barka ko dubiya. Ɗakin otal na mutum biyu ne, uwar ɗaka kuwa ta jama'a ce. Mai salla a ɗaki zai yi ta tunanin inda ruwa ya fallatsa. Sannan a mazhabar Malikiyya ruwan da sabulu ya canza wa launi ko ƙamshi ko ɗanɗano ba ya ɗauke hadasi, don haka wanda ya jiƙa jikinsa a kumfa bai yi wankan tsarki ba, sai ya tashi ya sake da ruwa mai tsarkakewa. Japanawa, waɗanda suka fi kowa ƙaunar zama a ruwan zafi, sun raba abubuwan biyu tuntuni: a zauna a kan 'yar kujera a cuɗa jiki a ɗauraye tas, sannan a shiga baho da tsabtataccen jiki don hutawa kawai, masai kuma yana wani ɗaki dabam.

Duk da haka ba na cikin masu cewa zama a ruwan zafi almubazzaranci ne na Turawa. Mu ma mun san ruwan zafi magani ne. Duk wadda ta yi wankan jego ta san yadda jiki ke saki in ruwa da ganye suka sauka a baya, ta kuma san cewa wata tsohuwa ce ta tashi tun kafin kiran salla ta hura wuta ta dafa shi, kullum, har kwana arba'in. Kimiyya ma ta tabbatar da barcin da na yi a otal ɗin nan. A 2019 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin sun tattara nazarce-nazarce da dama, suka gano cewa wanka da ruwa mai zafin maki 40 zuwa 42.5, awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, yana rage lokacin jiran barci da kimanin minti goma. Ruwan zafin na jawo jini zuwa tafin hannu da ƙafa, jiki ya fitar da zafinsa, zafin cikin jiki ya sauka, wannan saukar ce ke kiran barci. Abin lura a nan biyu ne. Amfanin bai buƙaci a fito daga ruwa a faɗa gado nan take ba, tunda awa guda ake so a tsakani. Kuma binciken ya haɗa har da wankan shawa.

Inda bahon ɗakin barci ke da ma'ana, ina ganin, shi ne ɗaki mai faɗi sosai da tagogi masu fuskantar juna, a gidan da yara suka girma, aka kuma tsara shi tun a takarda kafin a zuba dakin, da tayil a ƙarƙashinsa, da fankar zuƙe tururi, da wani banɗakin na yau da kullum a kusa. Wanda ya cika waɗannan, ya kuma yarda shi ne zai riƙa goge shi, Allah ya sa ya mora.

Ƙanwata ba ta cika su ba, kuma ba ta so ta haƙura da hutun. Dattijon ne ya kawo mafita. Bangon banɗakin bai riga ya kai linta ba, bulo shida kawai aka ɗora. Ya ce a rushe shi a matso da shi mita ɗaya cikin ɗakin barci, wanda dama ya yi girma da yawa. A faɗaɗa tagar banɗakin, a ɗaga ta sama yadda na waje ba zai ga ciki ba, a sa ɗan madaidaicin baho a ƙarƙashinta, inda bututu zai fita kai tsaye ta bangon waje. Masai a ware masa lungunsa da ƙofarsa. Tsakanin wurin wanka da ɗaki kuma a sa faffaɗar ƙofa mai zamiya, in tana ita kaɗai ta ture ta gefe ɗakunan biyu su zama ɗaya, in yara na gida ta ja ta murɗa makulli.

Ta tsaya a inda bahon zai zauna, ta ɗaga kai ta dubi gurbin tagar. Daga nan ana hango kan bishiyar mangwaron maƙwabta.

"Baba, a ƙara mata faɗi kaɗan," ta ce.

Ya ciro guntun gawayi daga aljihu, ya matsa da layin tsawon bulo ɗaya.